Yadda ake zaɓen modul ɗin sadarwa don kwamfuta da tablet su riƙa magana da na'urar da ka harhaɗa

Ka harhaɗa na'urarka kuma tana aiki. Wataƙila mai auna ruwan shato (tankin ruwa na sama) ce, ko mai tsaron zafin injin ƙyanƙyasar ƙwai, ko mai tada famfon sola a garka. A cikinta akwai ƙaramar ƙwaƙwalwa, Arduino ko makamancinsa, tana ta lissafinta, amma duk lokacin da ake son sanin abin da ta gani sai an ɗauko kebul an hau tsani. Abin da ya rage shi ne ka sa mata modul ɗin sadarwa, wato ɗan allon nan mai rediyo da eriya, yadda mai ita zai zauna a inuwa da kwamfutar tafi-da-gidanka ko tablet ya karanta, ya kuma ba da umarni.

Matasan da ke zuwa shagona a nan Damagaram, ɗaliban Jami'ar André Salifou da na makarantun fasaha, kusan tambayarsu ɗaya ce: wane modul ya fi cin nisa? Ba daga nan ake farawa ba, ƙanena. Ana farawa ne daga abin da mai na'urar zai riƙe a hannunsa, sai wurin da za a kafa ta, sai wutar da za ta sha. Nisa yana zuwa daga baya. Modul mai cin kilomita biyar wanda tablet ɗin mai gida ba ya jin yarensa, asarar kuɗi ce kawai.

Kayan da za ka tanada

- Ainihin kwamfutar ko tablet ɗin da za a yi aiki da shi. Idan na mai gida ne, ka aro shi ko da na yini ɗaya.
- Multimita.
- Allon gwaji mai ramuka da 'yan wayoyinsa na sokawa.
- Ƙarfen narka dalma da dalmar kanta.
- Ɗan adafta mai juya USB zuwa siriyal (hanyar da ƙananan alluna ke aika haruffa ɗaya bayan ɗaya ta waya), mai guntun CP2102 ko CH340, wanda ake iya sa shi a volt 3.3.
- Rezistans na kilo'om 1 da na kilo'om 2, da kwandansa mai maikrofarad 470 ko sama, da ƙarami mai nanofarad 100.
- Mai rage wuta irin LM2596, idan daga batirin sola mai volt 12 za ka ɗauka.
- Kebul ɗin USB gajere mai kauri, wanda ke ɗaukar bayanai. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a teburan caji wuta kaɗai suke kaiwa.
- Manhajoji: Arduino IDE da PuTTY a kwamfuta, Serial Bluetooth Terminal a Android, da nRF Connect wadda ke nan a Android da iPad.

Ka sauke manhajojin da direbobin CP2102 da CH340 tun ranar da rezo ke da kyau, ka ajiye su a filas. Idan ba ka da adaftan siriyal, Arduino Uno zai iya tsaya maka: ka haɗa ƙafar RESET da GND (ƙafar ragi ta wuta), sai ƙwaƙwalwarsa ta yi shiru, guntun USB ɗinsa ya zama gada tsakanin kwamfuta da modul ta ƙafafun 0 da 1. Kwandansa da rezistans kuwa, tsohuwar rediyo ko mataccen caja na masu gyara sun ishe ka.

1. Duba abin da za a riƙe a hannu

Kwamfuta da tablet rediyo biyu kaɗai suke zuwa da su da za su yi maka amfani: Wi-Fi da Bluetooth. Duk modul ɗin da ba ɗaya daga cikin biyun nan yake magana da shi ba, sai ka gina masa gada, kuma za mu zo kan wannan.

Bluetooth ɗin ma iri biyu ne, kuma ba sa jin juna. Akwai tsohon, wanda ke da tsarin da ake kira SPP, mai kwaikwayon kebul ɗin siriyal. Akwai kuma BLE, mai ƙarancin cin wuta, wanda ya shigo da Bluetooth 4.0 a 2010. A nan ne mafi yawan masu farawa suke faɗuwa. Android yana karɓar duka biyun. Windows ma haka, har yakan buɗe wa SPP tashar COM kamar ka soka kebul. Amma iPad da iPhone ba sa buɗe SPP ga modul ɗin kasuwa, sai kayan da Apple ya ba lasisi. Ka saya HC-05, wanda modul ne na SPP, don mai iPad, ko sunansa ba zai gani a jeri ba, kuma babu dabarar manhaja da za ta gyara wannan. Ga mai iPad, BLE ne ko Wi-Fi.

Ka buɗe kwamfutar ka tabbatar tana da Bluetooth tun farko. Tsofaffin kwamfutocin gwanjo da ke yawo a hannun mutane wasu ba su da shi, wasu suna da tsohon kawai ba BLE, wasu kuma direban ya ɓace tun da aka sake musu Windows. Ɗan dongul na USB yana magance wannan, amma gara ka sani kafin ka yi oda.

Sannan ka tambayi mai na'urar mutum nawa ne za su riƙa dubawa. SPP mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Idan mai gadi ya haɗu da ita, mai gida sai ya jira. Ka kuma tambaye shi ko zai yarda a sa masa sabuwar manhaja. Dattawa da yawa ba sa so, tablet ɗin ma sau da yawa a cike yake. Wannan amsar kaɗai takan kai ka ga Wi-Fi, domin da shi shafi ne kawai za a buɗe a burauza, babu abin da za a sauke.

2. Rubuta abin da za a aika, da inda zai bi

Ɗauki takarda ka rubuta abu uku. Yawan bayanin: lambar zafi ɗaya kowane minti ce, ko tarin bayanan wata guda za a kwasa, ko hoto? A gudun 9600, wanda yawancin ƙananan modul suke zuwa da shi, kimanin haruffa 960 ne ke wucewa a daƙiƙa. Ya wadatar ga lambobi, ya yi kaɗan ga hoto. Na biyu, nisa, da ƙafa za ka auna shi, daga inda na'urar za ta zauna zuwa inda mutumin yake zama da gaske. Na uku, abin da ke tsakani: katangar ƙasa, siminti mai rodi, rufin kwano, ko tankin ruwan kansa.

3. Yanzu ka zaɓa

Abin da na fi ba mutane, a mafi yawan ayyuka, shi ne ESP32 na asali, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016. Dalilina shi ne yana da Wi-Fi, yana da tsohon Bluetooth, yana da BLE, kuma shi kansa ƙwaƙwalwa ce da ta fi Arduino Uno ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ka fara da Bluetooth mai gida ya sauya ra'ayi, manhaja za ka sake, ba sai ka jira wani kaya daga Kano ba. Ga mu da ke nesa da manyan shagunan kayan lantarki, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Babban alherinsa a wurinmu shi ne yana iya buɗe Wi-Fi nasa na kansa. Ba ya buƙatar rauta, ba ya buƙatar intanet ko kuɗin data. Tablet ya haɗu da shi kai tsaye, a buga 192.168.4.1 a burauza, shafin ya fito da yawan ruwan da ke cikin shato. Android, iPad, Windows, Linux, duk ɗaya ne a wurinsa. A tsarinsa na farko a Arduino yana ɗaukar na'urori huɗu a lokaci guda.

ESP8266, yayansa da ya bazu tun 2014, Wi-Fi kaɗai gare shi. Ya fi araha, kuma idan shafi ɗaya da firikwensin ɗaya ne aikin, zai yi. Ka nemi allon NodeMCU ko D1 mini mai ramin USB. Ɗan ƙaramin ESP-01 yana wahalar da mai koyo, ƙafafunsa kaɗan ne kuma sai ka haɗa masa wutarsa da kanka.

HC-05 da HC-06 har gobe suna da gurbinsu. Idan kana da Arduino da ke aiki lafiya, yana turo bayanai ta siriyal, kuma mai shi Android ko Windows yake riƙewa a cikin ɗaki ɗaya, to ba abin da ya fi su sauƙi. Waya huɗu, ko layi ɗaya na manhajarka ba sai ka taɓa ba. Nisansu wajen mita 10 ne a fili. Bambancinsu: HC-06 jira kawai yake a neme shi, HC-05 kuwa yana iya neman wani modul da kansa.

HM-10 shi ne takwaransu na BLE, an gina shi a kan guntun CC2541 ko CC2540 na Texas Instruments. Shi za ka sa wa tsohon Arduino idan mai shi iPad gare shi. Ka san abu biyu game da shi. Ba ya buɗe tashar COM a Windows, don haka PuTTY ba zai gan shi ba, sai manhajar da ta san BLE. Kuma yana yanka saƙo gunduwa-gunduwa, haruffa 20 kowace, saboda haka dogon layi yakan iso a rarrabe. Ka sa alamar ƙarshen layi a kowane saƙo, manhajar da ke karɓa ta riƙa tarawa har ta ga alamar.

Idan na'urar za ta yi watanni a kan ɗan batir ba tare da sola ba, ka nemi allo mai guntun nRF52 na kamfanin Nordic. A BLE cinsa kaɗan ne ƙwarai. Koyonsa ya fi wuya, kuma samunsa a kusa ba tabbas.

Sai waɗanda nake so ka yi hattara da su. nRF24L01 yana da araha, yana kuma aiki a gigahaz 2.4 kamar Wi-Fi, shi ya sa ake ruɗuwa. Kwamfuta ba ta ganinsa, da ɗan'uwansa kaɗai yake magana. Haka HC-12, haka LoRa, haka Zigbee.

Wani lokaci na'urar ba kai ka harhaɗa ta ba, inbata ce ko mai kula da cajin sola, kana son ka riƙa karanta ta daga nesa. Ka duba ramin bayananta da kyau. Idan RS-485 ne, kana buƙatar guntun fassara MAX3485 a tsakani. Idan RS-232 ne, MAX3232. Kada ka soka RS-232 kai tsaye a ƙafar modul, wutarsa tana haura volt 3.3 sosai, tana kuma komawa ƙasa da sifili, nan take za ta ƙona ƙafar.

4. Karanta rubutun jikin gwangwani kafin ka biya

Caja, kebul, batir da akwatin roba duk za ka samu a Kasuwar Dole. Modul ɗin kansa galibi sai an yi saƙo Kano ko Yamai, ko an yi oda daga Sin a jira. Tunda ba kai za ka tsaya gaban mai shago ba, ka rubuta wa ɗan saƙon cikakken suna, ka ce ya turo maka hoton gwangwanin, wato murfin ƙarfen da ke kan modul, kafin ya biya.

Sunan ESP32 yanzu gida ne mai 'ya'ya da yawa. ESP32-WROOM-32 shi ne na asalin da nake nufi. ESP32-S2 ba shi da Bluetooth ko kaɗan. ESP32-C3 da ESP32-S3 suna da BLE amma ba su da tsohon Bluetooth, don haka manhajar SPP ba za ta hau kansu ba. Mai shago zai ce duk ESP32 ne, kuma bai yi ƙarya ba, amma aikinka ne zai tsaya. Idan ka ga harafin U a ƙarshe, kamar WROOM-32U ko 32UE, wannan ba shi da eriya a jikinsa, ɗan soket gare shi na eriyar waje. Shi ake so ga akwatin ƙarfe, amma sai ka sayi eriyar da 'yar igiyarta tare.

HM-10 yana da kwaikwayo da yawa, irin su AT-09 da CC41-A. Suna aiki, sai dai umarninsu ya ɗan bambanta da na asali, kada ka yi mamaki idan wani umarni bai amsa ba. Kuma ka sayi biyu duk abin da ka zaɓa. Da na biyun ne za ka gane ko laifin modul ne ko na haɗinka.

5. Wuta

Mafi yawan abin da ake kawo mini da sunan modul ya lalace, yunwar wuta ce. Rediyo ba ya shan wuta daidai wa daida. Yana zaune shiru, sai lokacin aikawa ya zuƙa da ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Espressif ya ce a tanadar wa ESP32 tushen da zai iya ba da miliamfiya 500 a volt 3.3. Ƙafar 3.3 ta Arduino Uno miliamfiya 50 aka rubuta mata. Ka ga ba za ta ɗauke shi ba, kuma ba za ta ɗauki ESP8266 ba.

Alamar yunwar a bayyane take. Allon yana tashi lafiya, da zarar Wi-Fi ya kunna sai ya sake farawa, a tagar siriyal a gudun 115200 ka ga rubutu yana ambaton brownout. Kafin ka zargi komai, sauya kebul ɗin USB da gajere mai kauri. Idan bai daina ba, sauya caja. Sannan ka ɗaura kwandansa mai maikrofarad 470 tsakanin 3.3 da GND, dab da modul, ƙaramin mai nanofarad 100 a gefensa. Aikinsa irin na randar da kowane gida a garin nan yake ajiyewa kusa da famfo ne: ana tarawa lokacin da ruwa ke zuwa, a ɗiba lokacin da buƙata ta fi abin da bututu ke kawowa. Ka lura da ƙafar da ke da ratsi, ita ce ta GND. Idan ka juya shi zai kumbura ko ya fashe.

Daga batirin sola mai volt 12, ka sa LM2596. Ka murɗa ɗan sukurunsa kana aunawa da multimita har ya tsaya a volt 5 tun kafin ka haɗa allon, domin yakan zo daga kanti a buɗe, yana fitar da kusan duk abin da aka ba shi. Daga nan ka kai wa ƙafar VIN ko 5V.

Batirin 18650 guda ɗaya yana da tarko. A cike volt 4.2 yake, ya yi wa ƙafar 3.3 yawa. A ƙafar 5V kuma ya yi kaɗan, saboda AMS1117, mai rage wutar da ke kan yawancin allunan, yana cinye fiye da volt 1 kafin ya fitar. Sai ka sa mai ɗaga wuta zuwa volt 5 a tsakani. Ka yi lissafinka kuma: ESP32 da ke riƙe da Wi-Fi nasa a buɗe ba ya barci, ka ƙiyasta masa miliamfiya 100 zuwa 150. Batir mai miliamfiya-awa 2500 (mAh) ba zai kai shi kwana ɗaya cur ba. Idan babu sola, ka sa maɓalli: a danna, Wi-Fi ya buɗe na minti biyar, a karanta, ya koma barci. Wannan dabarar ta fi sayen babban batir.

6. Gwaji a kan tebur

Modul kaɗai za ka fara gwadawa, ba tare da sauran na'urar ba.

Ga HC-05: TX (ƙafar aikawa) na modul zuwa RX (ƙafar karɓa) na adafta, RX zuwa TX, GND da GND. A gicciye ake haɗa su, kuma mantuwar wannan ta cinye wa mutane yini guda. Allon yana karɓar volt 5 a VCC, amma ƙafarsa ta RX ta volt 3.3 ce. Idan daga Uno saƙon zai fito, ka sa rezistans na kilo'om 1 daga TX na Uno zuwa RX na modul, na kilo'om 2 kuma daga RX ɗin zuwa GND. Hakan yana sauke volt 5 zuwa 3.3. Ba ka da na kilo'om 2? Jera na kilo'om 1 guda biyu.

Ka danne ɗan maɓallin da ke jikinsa sannan ka ba shi wuta. Fitilarsa za ta riƙa ƙiftawa a hankali, kusan kowace daƙiƙa biyu, alamar ya shiga yanayin karɓar umarni. Buɗe tagar siriyal a gudun 38400, ka zaɓi a riƙa aika NL da CR duka, ka buga AT. Idan ya amsa OK, kun gaisa. Da AT+NAME= za ka raɗa masa suna, da AT+PSWD= ka sauya lambar sirri, wadda take zuwa a 1234. Cire wuta ka mayar ba tare da danna maɓalli ba, sai ya koma gudun 9600 yana ƙiftawa da sauri. Haɗa shi da tablet, buɗe Serial Bluetooth Terminal, rubuta kalma, ka gan ta ta fito a kwamfuta. A Windows za ka ga tashoshin COM biyu sun bayyana, mai fita ita ce taka. Idan ka ga haruffan banza, gudun ɓangarorin biyu ne bai daidaita ba.

Lokacin da za ka mayar da shi kan Uno, ka guji ƙafafun 0 da 1, domin USB ma su yake bi, kuma loda manhaja zai riƙa ƙi muddin modul yana kansu. Yi amfani da SoftwareSerial a ƙafafun 10 da 11.

Ga HM-10 ko BLE na ESP32, nRF Connect za ka buɗe ka yi bincike. A HM-10 ka nemi sabis mai lamba FFE0, a cikinsa akwai FFE1, ta nan ake rubutu da karatu. Idan tablet bai ga komai ba, duba izini: daga Android 6 zuwa 11 sai an kunna wurin zama kafin binciken BLE ya yi aiki, daga Android 12 kuma izinin na'urorin kusa ake nema.

Ga ESP32 da Wi-Fi, a cikin misalan Arduino IDE akwai WiFiAccessPoint. Sa masa suna da kalmar sirri da ba ta gaza haruffa 8 ba, ka loda. Idan lodin ya tsaya yana ɗige-ɗige, danne maɓallin BOOT har ya fara. Tablet zai haɗu, sannan ya yi ƙorafin babu intanet. Ka ce masa ya zauna a haka. Idan yana da layi a ciki, kashe data, in ba haka ba Android yakan bi ta rezo ya bar shafinka ba ya buɗewa. Kuma duk abin da shafin yake buƙata ya kasance a cikin ESP32 ɗin. Misalai da yawa da ake kwafowa suna janyo zanen jadawali ko salon rubutu daga intanet, a shago su yi kyau, a garka su fito fari fat.

Abu biyu kuma. ESP32 na asali da ESP8266 gigahaz 2.4 kaɗai suke ji, don haka idan za su shiga Wi-Fi na salula ko rauta, a sauke shi daga gigahaz 5. Sannan a ESP32 na asali, ƙafafun awon wuta na rukunin ADC2 ba sa auna komai muddin Wi-Fi yana kunne. Firikwensin da ke ba da awon wuta, kamar mai auna danshin ƙasa, ka kai shi ƙafafun 32 zuwa 39.

7. Kai shi inda zai zauna

Nisan da aka rubuta a takardar talla a fili aka auna shi, eriya na kallon eriya. Gidajenmu ba haka suke ba. Katangar ƙasa mai kauri irin ta Birni tana shanye sigina, da damina in ta jiƙe abin ya ƙaru, domin ruwa yana cin gigahaz 2.4. Kwano da ƙofar ƙarfe suna mayar da ita baya. Tankin da ke cike shi ma katanga ne: ka ɗaura akwatin a gefen da ke fuskantar ɗakin mai gida, kada ka ɓoye shi a bayan tanki.

Ka ɗaura na'urar na wucin gadi, ka ɗauki tablet ka je ka zauna daidai inda mai ita zai zauna, a rufe ƙofofi yadda aka saba. nRF Connect da manhajojin duba Wi-Fi suna nuna ƙarfin sigina da lamba mai alamar ragi. Kusa da -50 lafiya lau, -70 ana aiki, daga -80 zuwa ƙasa za ta riƙa yankewa. Ina so in ga -70 ko mafi kyau kafin in huda bango. Idan bai kai ba, ɗaga akwatin sama da mita ɗaya ko juya shi yakan yi abin da sabon modul ba zai yi ba.

Akwatin ya zama na roba. Idan dole sai na ƙarfe, to modul mai U da eriya a waje. A ciki, gefen da zanen eriya yake ya leƙo daga bakin allo, babu waya, batir ko sukuru kusa da shi, a bar masa kamar milimita 15 ta kowane gefe.

Sai zafi. A watannin Afrilu da Mayu iskar garin nan tana haura digiri 40, cikin rufaffen akwati a rana kuwa ya fi haka sosai. ESP32-WROOM an yi shi ya jure har digiri 85, amma batirin litiyam ba a son a yi masa caji sama da digiri 45. Farin akwati za ka nema, ka sa shi a inuwa, ƙarƙashin farantin sola wuri ne mai kyau. Ramukan iska da na shigar waya su kalli ƙasa, a rufe su da ɗan ragar sauro saboda ƙurar hunturu da ƙwari. Wayoyin sokawa na gwaji ne kawai. Zafi da sanyi suna sassauta su, ƙura ta shiga. A aikin dindindin dalma ake sawa.

8. Idan nisan ya fi ƙarfin Wi-Fi

Mai garka a wajen Mirriya da ke son ganin famfonsa daga gida, Wi-Fi da Bluetooth ba za su kai shi ba. Hanya biyu ce.

Ta farko ita ce gada. Modul ɗin LoRa ɗaya a garka, ɗaya a gida, na gidan a haɗe da ESP32 wanda zai buɗe wa tablet shafi. Akwai alluna da ke zuwa da ESP32 da LoRa a haɗe, sun fi sauƙi. LoRa tana cin kilomitoci idan eriyoyin suna sama, amma 'yan lambobi kaɗai take ɗauka, kuma manyan duwatsun da suka kewaye garin nan suna tare ta, don haka tsawon sanda ya fi ƙarfin modul muhimmanci. Afirka tana yanki ɗaya da Turai a rabon mitoci na duniya, saboda haka mai megahaz 433 ko 868 za ka nema. Mai 915 na Amurka ne, kuma yana shiga mitar da salula ke amfani da ita a nan. Modul biyun su kasance masu megahaz iri ɗaya. Kada ka taɓa barin modul ya yi aike babu eriya, yana iya ƙonewa. Idan eriyar ba ta zo ba, miƙaƙƙiyar wayar tagulla mai santimita 17.3 tana yi wa 433, mai 8.6 kuma tana yi wa 868. Hukumar ARCEP ce ke kula da mitoci a Nijar, idan aikin na dindindin ne ko na kasuwanci ka nemi ƙa'idarta kafin ka kafa sanda. HC-12 ma yana yin irin wannan gada a 433 idan nisan 'yan ɗaruruwan mitoci ne, kuma haɗinsa irin na HC-05 ne, sai dai a ɓangaren kwamfuta adaftan USB za ka soka masa.

Ta biyu ita ce layin salula. SIM800L yana aika saƙon tes duk inda rezo ya kai. 2G kaɗai yake ji, yana son volt 3.4 zuwa 4.4, kuma yakan zuƙi har amfiya 2 lokacin aikawa, don haka duk abin da na faɗa kan wuta ka ninka shi. Ka gwada rezo a garkar da salula kafin ka saya, kuma ka gaya wa mai ita tun farko cewa layin zai riƙa cin kuɗi.

9. Kulle kafin ka miƙa

Na'urar da ke tada famfo ko injin ƙwai, duk wanda ya shige ta ya riƙe dukiyar mutum. HC-05 da aka bari a 1234, kowane yaro mai salula a layin zai iya shiga. Ka sauya lambar, ka sa wa Wi-Fi kalmar sirri mai tsawo, kuma kada sunan da ke fitowa a jeri ya faɗi gidan wane ne ko abin da na'urar ke yi.

Ka kuma tsara manhajar yadda yankewar sadarwa ba za ta zama ɓarna ba. Hukuncin kashe famfo idan shato ya cika, ko riƙe zafin ƙwai a wajen digiri 37.5 na tsawon kwana 21 ɗin ƙyanƙyasar kaza, a cikin na'urar zai zauna. Tablet na dubawa ne da sauya saiti. Ka gwada wannan da hannunka: tada famfo daga tablet, kashe tablet ɗin, ka tsaya ka ga ko na'urar za ta tsayar da shi da kanta. Sannan ka cire mata wuta ka mayar sau da yawa a jere, kamar yadda ɗaukewar wuta za ta yi mata, ka tabbatar kowane karo tana dawowa ta buɗe sadarwarta ba tare da an taɓa ta ba.

Daga ƙarshe ka rubuta sunan modul, gudun siriyal, adireshin shafi da ranar da ka kafa a takarda, ka manna a cikin murfin akwatin. Kalmar sirri kuwa a wata takarda daban, a hannun mai gida. Ka sa shi ya haɗa tablet ɗinsa da kansa, tun daga kunnawa har buɗe shafi, kana tsaye ba ka taɓa ba, ya maimaita har sai ya yi ba tare da ya tambaye ka ba.